Kukan Jar Mota a Hawan Kona

Ku yaran yanzu kun tarar da duniya a dafe. Mota ta shigo gareji, ku jona mata 'yar na'urar nan a ƙarƙashin sitiyari, ku koma gefe kuna danna waya har ta rubuto muku abin da ke damunta. Shi ya sa jiya ɗayanku ya dubi tsabar idona ya ce wai kanikanci ba wuya. To, madalla! Ni ba na faɗa da na'ura, ni ma na saya, kuma tana aiki. Amma ku ajiye wayoyin nan ku matso, in ba ku labarin zamanin da bakanike ba shi da na'urar da ta wuce kunnuwansa biyu.

A hannun Baba Hamma na koyi aiki, a garejinsa na unguwar Abbare, ƙarƙashin wasu manyan mangwarori. Bafulatani ne, dogo, siriri, ba ya son surutu. A garin Jalingo kuwa in ka ce Hamma ba kowa zai gane ba, sai ka ce Mai Kunne. Direbobin motocin doya daga Zing, da masu a-kori-kura, da direbobin gwamnati, duk wanda motarsa ta fara wani kuka da bai gane ba, cewa ake yi ya kai wa Mai Kunne. Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: motar da ya saurara ba ta wucewa Yola ko Jos neman magani. A nan za ta warke, ko kuma ya gaya maka gaskiya cewa ta gama yawo.

Da aka kawo ni wurinsa na daɗe ban kwance ko noti ɗaya ba. Wankin ƙarafa ne aikina, da miƙo sifana, da shan rankwashi in na miƙo wadda ba ita ba. Sannan ya fara koya mini ji. Yana da wata doguwar sukudireba mai mariƙin katako. Sai ya ɗora bakinta a jikin inji, ya manna mariƙin a ƙashin bayan kunnena, ya ce, "Bingel am, me ta ce?" Yarona ke nan da Fulatanci, kuma haka ya ci gaba da kirana har na yi furfura. Da haka na san kukan tafet, wanda yake can sama, cak-cak-cak, ba ya tsorata kowa. Na san na mital, wanda yake fitowa daga ƙasan inji, dum-dum, mai sa gaban mai mota ya faɗi. Na san ihun fambel da safe, da gunjin boris ɗin taya da ke ƙaruwa in an ƙara gudu. Yakan ce ruwa ba ya tsami banza, mota ma ba ta kuka banza.

Akwai doka guda a garejin nan da ko ɗan da ya haifa bai isa ya karya ba. Ba mai faɗin ciwon mota kafin Baba ya faɗa. Ko ka ji, ko ka tabbata, ka haɗiye. Dalilinsa kuwa mai kyau ne. Yaro zai yi wuf ya ce mital ne, mai mota ya tafi gida ya kasa cin tuwo, alhali ƙusar salansa ce ta kwance. Baki shi ke yanka wuya, in ji shi. Ni an yaye ni, na yi aure, har yarana sun shiga makaranta, na zama babban hannunsa a garejin, amma ban taɓa riga shi magana a kan mota ba.

Da aka mai da Jalingo babban birnin jiha, gari ya cika. Ma'aikata suka zo daga ko'ina, kowa da motarsa ko da niyyar saye. Muka ga irin motocin da da sai a kalanda muke ganinsu. Aiki ya yi yawa har muna korar wani. Muna cikin wannan daɗi sai wahalar mai ta sauko, wadda ku ba ku ga irinta ba. Layi ya miƙe daga gidan mai har ya sha kwana, mutum ya bar motarsa a layi ya koma gida a ƙafa, gobe ya dawo ya tarar ba ta motsa ba. Masu mota da yawa suka jingine su, aka ɗora kan duwatsu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashi. Gareji ya yi tsit. Abokan aikinmu wasu suka koma gona, wani ma ya koma facin taya. 'Yan bumburutu ne kaɗai suka yi ƙiba a shekarar nan, ga su nan bakin hanya da galan-galan da mazurari, kuma ba duka ke tsoron Allah ba. Wasu sukan surka fetur da kalanzir don ya yi auki. Tsofaffin motocinmu masu kafireta in sun sha irin wannan mai, mun san alamarsu: wuyar tashi da safe, tari, da farin hayaƙi mai yaji a ido. Tun daga bakin gareji za ka gane.

A cikin wannan shekara ce jar motar ta shigo. Wata safiya muna zaune muna cin gyaɗa don ba aikin yi, sai ga ta tana lallaɓowa a kan ramukan hanyarmu, cikinta na neman taɓa ƙasa. Ƙofa biyu gare ta, fitilunta a rufe, sai an kunna su ɗago kamar idon kwaɗo. Sabuwa ce dal, ko ledar kujerun ba a gama cirewa ba. Masu shayi da masu faci duk suka taso kallo. Mai ita wani saurayi ne, Istifanus, mutumin Kona da ke nan bayan gari, yana aikin awon filaye na gwamnati. An tura shi kwas ƙasar waje, ya ƙuntata wa cikinsa a can, ya dawo da ita. Yaro ne mai ladabi, sai da ya durƙusa ya gai da Baba kafin ya buɗe baki.

Ya ce, "Baba, motan nan yana kuka. Ba kullum ba. In ina zuwa gida wurin Mama ranan Asabar, a hawan nan kafin Kona, sai ya fara. Ni ban iya kwatanta shi ba, amma yana damuna."

Aka buɗe bonet. Kai! Ni dai na ga abin da ban saba gani ba. Ba kafireta, injekta ce, wayoyi ko'ina, komai a matse, ba inda za ka zura hannu. Baba bai nuna ko a jikinsa ba. Ya sa aka tayar, ya bi injin da sukudirebarsa daga gaba har baya. Shiru, sai wani lallausan gurnani. Ni ma ban ji komai ba, don a tsaye lafiyarta ƙalau. Ya kwanta ya shiga ƙarƙashi, yana bubbuga salansa da tafin hannu, har ya samu wani faifan gwangwani da ke kare zafi ya saki, hanyarmu ta kwance masa ƙusa. Aka ɗaure. Istifanus ya yi godiya ya tafi yana murna.

Bayan Asabar sai ga shi ya dawo. Ya ce ƙarar gwangwanin ta tafi, amma wancan kukan yana nan. Baba ya ce to a je hawan a ji. Kujerar bayan motar nan ko akuya ba za ta zauna da daɗi ba, saboda haka su biyu suka tafi, Istifanus na tuƙi, ni na tsaya tsaron gareji. Da suka dawo na ga fuskar saurayin ba walwala. Baba ya fito, ya ce a duba tafet. Na duba, na gyara abin da bai kai a gyara ba, na canja fulogi tunda an riga an buɗe. Istifanus ya ja ni gefe ya ce, "Oga Ayuba, ina ce masa, Baba ka ji? Ka ji? Shi kuma yana kallon gaba kawai." Na ce masa haka Baba yake, ba ya magana sai ya gama tunani. Har ga Allah abin da na ɗauka ke nan.

Zuwansa na uku da rana tsaka ne, ana zafin nan na kafin damina da ke sa kwalta ta yi laushi. Wannan karon labari ya riga shi isowa. Direbobin da ke zaman jiran mai sun ji cewa akwai motar da ta gagari Mai Kunne, suka taru a inuwar mangwaro kamar ana rabon wani abu. Istifanus ya durƙusa kamar kullum, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba raini ba ne. Kukan ya ƙaru. Wani abokina ya ce akwai masu gyaran irinsa a Jos. Na ce ba zan kai ba sai na zo na gaya maka."

Kowa ya san abin da wannan magana take nufi ga Baba. Wani direba mai baƙin baki ya ce ƙasa-ƙasa, "Yau dai za a ga ƙarshen kunne." Na juya zan ci mutuncinsa, Baba ya ɗaga mini hannu.

Ya ce wa Istifanus, "Ba ni makulli. Ka zauna nan ka sha inuwa." Sannan ya miƙo mini makullin. "Bingel am, kai za ka ja."

Wannan ya ba ni mamaki, don Baba bai taɓa fita gwajin mota ya bar mai ita a baya ba. Na shiga, na ji kamar a ƙasa nake zaune. Muka fita gari, muka kama hanyar Kona. A shimfiɗaɗɗiyar hanya motar nan ba ta da laifi ko kaɗan, kana taɓa totur tana amsawa. Da muka iso hawan, ina giya ta huɗu, na taka. Nan take ta fara. Wani siririn kuka ne, ƙyar-ƙyar-ƙyar, kamar an zuba 'yan tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa. A fili yake, ko mai tallan goro a bakin hanya zai ji. Na saci kallon Baba ina jira ya yi magana. Ya sauke gilashi, ya karkatar da kai, idonsa a rufe. Muka kai ƙarshen hawan bai ce uffan ba.

Ya ce, "Juya. A sake."

Na juya, muka gangara, na sake hawa. Kukan ya dawo, har ya fi na farko don injin ya ƙara zafi. Maganar tana bakina, doka ta danne ta. Muna tsakiyar hawan sai na ji muryarsa, a hankali, ba tare da ya dube ni ba.

"Ayuba. Yanzu tana yi?"

Wallahi sai da ƙafata ta saki totur. Mutumin da ya koya mini ji, shi ne yake tambayata ko mota tana kuka. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Tana yi, Baba."

"Da ƙarfi?"

"Da ƙarfi, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce in sauka gefen hanya, muka tsaya kusa da wata gonar doya. Sannan ya ce tun kwanakin baya ya lura ba ya jin kukan tsuntsaye da asuba, ya ɗauka tsuntsayen ne suka ƙaura. Manyan ƙararraki yana jinsu sarai, da maganar mutane, amma sirara sun tafi. Ya gyara zama, muryarsa ta koma irin ta gareji.

"To, ara mini naka. Daga sama take ko daga ƙasa?"

Na ce daga sama, amma ba tafet ba ce.

"In ka ɗaga ƙafa?"

"Sai ta ɗauke."

"Koma ka hau da giya ta uku, ka bar injin ya yi numfashi."

Muka hau da ta uku. Kukan ya ragu ƙwarai, sai ɗan kaɗan. Na gaya masa. Ya tambaye ni ko da muka baro gari, kafin inji ya yi zafi, na ji wani abu. Na ce babu. Ya ce, "Boɗɗum," wato ya yi kyau. "Ba ƙarfe ne ya lalace ba. Abin da take sha ne. Wuta na kamawa a cikinta kafin lokacin da aka ce ta kama, tana dukan kan fistin. Tsaya in gani."

Ya sa na zare tiyon mai na tsiyaya masa kaɗan a bayan hannu. Ya ɗaga hannun a iska. Ku riƙe wannan, don na'urarku ba za ta gaya muku ba. Fetur na gaskiya yana sanyaya fata, ya bushe nan da nan, ya bar wurin fari. Wannan kuwa ya bushe rabi, ya bar maiƙo yana ƙyalli. Baba ya shinshina, ya miƙo mini hannun na shinshina. Kalanzir ne, ba tantama. Abin da ya ɓatar da mu, motar ba ta yi tari ko hayaƙi irin na tsofaffin motocinmu ba. Injin ta matsattse ne, an ƙera shi don mai mai ƙarfi, ga kuma ƙwaƙwalwar da ke cikinta tana ta gyara mata tafiya tana rufa mata asiri. Sai an matsa mata a hawa, cikin zafi, take faɗin abin da ke cikinta. Baba ya ce da an ƙara wata ɗaya ana hawan nan da ita haka, da fistin ya huje.

A hanyar dawowa na yi ta juya magana a raina. Da muka kusa gari na ce, "Baba, ai ba sai kowa ya sani ba. Kai ka gano ciwon. Daga yau duk gwajin da za a fita sai mu riƙa fita tare, ba wanda zai gane."

Ya ce, "Ranar da kake zazzaɓi fa? In ce wa mutum motarsa lafiya, ya ɗebi iyalinsa ya hau tsaunin Mambila da ita?" Ya girgiza kai. "Ja mu je."

Muka tarar da taron ya ƙaru. Baba ya fito, ya kira Istifanus ya tambaye shi inda yake sayen mai. Saurayin ya ce ba ya iya kwana a layi saboda aiki, wani maƙwabcinsa ne ke kawo masa a jarka mai tsabta, yana rantsuwa cewa daga tanka aka sauke. Baba ya ce jarka mai tsabta ba ita ce mai mai tsabta ba. Ya nuna masa gwajin bayan hannu, ya sa ya yi da kansa. Ya ce za mu zubar da na tankin, mu wanke, mu canja matatar mai, mu ja taimin, wato lokacin kamawar wuta, baya kaɗan yadda za ta iya da man ƙasarmu, don ko na gidan mai bai kai ƙarfin wanda aka ƙera ta dominsa ba. Gudunta zai ɗan ragu, amma za ta yi rai. Ya ce ya daure ya bi layi, in kuwa ba hali ya ajiye ta ya hau haya, kuma ya daina hawan Kona da babbar giya. Istifanus ya yi ta godiya, ya ce maganar Jos ta mutu. Direbobi suka ɗauki hayaniya, ana cewa Mai Kunne dai Mai Kunne ne. Har mai baƙin bakin nan ya taso yana washe haƙora zai ba shi hannu.

Baba ya bari suka lafa. Sannan ya ce, da muryar da kowa zai ji, "Ku saurara. Ni ban ji kukan motar nan ba. Sau biyu ina zuwa hawan nan da ita, ban ji ba, kuma ba zan ƙara jin irinsa ba. Ayuba ne ya ji, ni na fassara. Daga yau wanda motarsa ke kuka, Ayuba zai fara saurara, kuma shi zai fara magana. Abin da na sani yana nan, ban kai shi ko'ina ba, amma kada wanda ya ƙara dogara da kunnena."

Ba wanda ya yi dariya. Direban nan ya mai da hannunsa aljihu. Istifanus ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, da na sani da ban..." Baba ya katse shi, ya ce motarsa ta yi masa alheri, don gara a ji daga bakin mota sabuwa da a ji daga bakin rami. Ya juyo ya ce mini me nake jira, tanki ba zai wanke kansa ba. Muka yi aikin har la'asar. Ranar Asabar Istifanus ya je Kona ya dawo, ya biyo ta gareji da ƙullin gyaɗa daga wurin mahaifiyarsa, ya ce ko ƙyas bai ji ba.

Ana nan, wata safiya wata tsohuwar a-kori-kura ta shigo tana wani ƙugi. Direban baƙo ne, daga Mutum Biyu, bai san kowa ba. Ya diro yana share gumi, ya ce, "Salamu alaikum. An ce in zo nan in nemi Mai Kunne."

Ina durƙushe ina wanke fulogi. Na ɗaga kai na dubi Baba a kan bencinsa, ina jira ya tashi kamar yadda ya saba. Bai tashi ba. Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. Baƙon ya dube shi, ya dube ni, ya sake tambaya.

Baba ya ce, "Bingel am, tashi mana. Mutum na jira."

Na goge hannuna a wando, na tashi.